Ƙanƙarar Rafin Kanya

A zamanin da tauraron ɗan'adam ke leƙen gajimare, doka ta ce duk garin da ba a ga ƙanƙara a samansa ba, damina ta ƙaurace masa, sai a tashe shi. Tauraro ya ce Rafin Kanya babu ko ƙwaya. Aka ba garin dama ɗaya: a saki balan-balan da ɗan gwangwani, ya hau ya ɗebo shaida.

Gwangwanin ya faɗo a bayan gidan Baba Barau. An ce kada a buɗe sai gaban ma'aikaciyar gwamnati, a ƙofar mai gari. Baba Barau ya girgiza shi, ya ji wani abu na motsi ciki. Sai ya biya ta ɗakin matarsa Tabawa, wadda idonta ya daɗe da mutuwa, ya ce mata ƙanƙara ce a ciki.

"Malam, ƙanƙara kusa da rana?" ta ce. "Tsufa dai ya kama ka."

"Miƙo hannu, gardamammiya."

Ya buɗe gwangwanin, ya zuba mata ƙwayoyi kamar gero. Ta dunƙule hannu a kansu. Kafin ya mayar da su, sun narke.

A ƙofar mai gari, ma'aikaciyar ta leƙa gwangwanin, ta sunkuyar da kai. "Baba, wannan ruwa ne. Ko a randa akwai shi."

Da la'asar, gari na ɗaure kaya, Tabawa na zaune, hannunta a dunƙule.

"Malam, ashe da gaske ne," ta ce. "A can inda za a kai mu ma akwai ta?"