Sifilin da Ya Cinye Shinkafar Fadama

Ku masu koyon rubuta manhaja, ku buɗe kunne, don wannan abu ko yau na tuna shi sai raina ya ɓaci. An yi wani matashi mai kaifin kai da ƙungiyar manoman shinkafa na wata fadama suka ɗauka aiki. A ƙauyukan da ke sama da su, ta inda ruwa ke gangarowa, akwai masu duba kogi, kowace safiya sai su leƙa sandar awo su aiko saƙo ta waya cewa ruwa ya ƙaru da kaza. Manhajar matashin ce ke jera saƙonnin a jadawali, ga sunan ƙauye ga lamba a gabansa, ta tura wa shugaban manoma. Ran nan sabis ya ɗauke a wani ƙauye, saƙo bai zo ba. Manhaja ta zo jera lambobi ta tarar da gurbi wayam, sai ta cije, ta watso jan rubutun kuskure a gaban dattawan ƙungiya. Wani ma har da dariya. Gogan naka ya koma gida yana huci, wai an ci masa fuska. Maimakon ya zauna ya koya wa manhajar ta rubuta "babu labari" a irin wannan gurbi, sai ya ce ai wannan zai ɓata masa tsarin layi. Ya ba ta umarni guda: duk inda kika ga babu komai, sa sifili ki wuce. Jadawali ya fito tsaf, aka yaba masa, kai ya ƙara girma.

To, sifili a wannan jadawali cewa yake ruwa bai ƙaru ba ko kaɗan. Wannan wane irin sakarci ne, mutum ya sa na'ura ta ba da shaidar abin da ba ta gani ba? Kaka ta yi, aka yanke shinkafa aka tara tsibi-tsibi a fadama tana shan rana, ciki har da ta kawun matashin, wanda noman shekarar ke nan gaba ɗaya da shi da iyalinsa. A can sama kuwa kogi ya yi ambaliya. Mai duba ruwa yana ta kansa, ya saɓa 'ya'yansa a kafaɗa yana neman tudu, wa yake ta waya? Saƙo bai zo ba, manhaja ta cika gurbin kamar yadda aka koya mata. Shugaban manoma ya duba ya ga sifili, ya ce a bar shinkafa ta ƙara bushewa, gobe a kwashe. Kafin la'asar ruwa ya iso, jawur da shi, ya share fadamar tas.

Matashin ya sami kawunsa a bakin ruwa, tsaye, da lauje a hannu. Tsohon bai ɗaga murya ba, amma wallahi gara a ce ya mare shi. Ya ce, "Ɗan nan, da ka ce mana ba ka sani ba, ai da mun aika yaro a kan babur ya gano."

Saboda haka duk wanda ya ga gurbi babu komai a jadawalinsa, kada ya kuskura ya toshe masa baki don a ce aikinsa ya yi kyau. Hausawa sun riga sun gama magana: shiru ma magana ce.