Haƙorin Kakan Rema

Ranar Litinin, a gidan adana kayan tarihi, Farfesa ya ɗaura siririn zare a murfin akwatin gilashi don ya gane in wani ya buɗe, ya ja baya yana waige-waige.

A cikin akwatin akwai muƙamuƙin kakan rema. Remar yanzu ba ta fi zomo ba, amma wannan kakan ya kai jaki, kuma ya mutu tun miliyoyin shekaru, har ƙashinsa ya zama dutse. Shekara goma ya yi a kwali a ɗakin ajiya, kan kanta ɗaya da muƙamuƙin wani tsohon alade mai giɓi, kafin Farfesa ya gano masa haƙori ɗaya mai tudu-tudu wanda babu irinsa a zuriyar rema kaf.

"Wannan haƙori, jama'a, ehem, wannan haƙori!" Haka yake fara kowace magana, yana tura tabarau da ɗan yatsa. Ranar Alhamis masana za su zo da na'ura su tabbatar da sabuwar dabba, a raɗa mata sunansa.

Iya mai shara ce ta tsaye masa a rai. Shekara tara tana goge wurin, amma tun da aka fara zancen baƙi, in ta zo gaban akwatin sai tsumma ya sandare a hannunta. Har tambayarsa ta yi ko na'urar tana ganin gam.

"Iya, wa ya aiko ki?"

"Ƙura, ranka ya daɗe."

Talata ya tarar da zaren a tsinke. Laraba da safe babu haƙori.

Ya zazzage jakarta a kan tebur: makullai, man shafa gwiwa, wuƙar reza. Ya ɗaga rezar sama kamar ya kama ɓarawon banki.

"Ko haƙori, ehem, ko aikinki. Zaɓi."

Iya ta kalle shi da tausayi. Ta ja takalmanta zuwa ɗakin ajiya, yana binta da huci. Ta sauko da kwalin alade a hankali, da hannu biyu, ta buɗe. Giɓin nan ya cike, haƙorin ya zauna daram.

"Mai shi na mayar wa, kada a kunyata ka gaban baƙi," in ji ta. "Satin da na fara aiki na yar da kwalayen biyu, haƙora suka watse. Ni ina na san na rema da na alade? Inda na ga gurbi, nan na liƙa."