Ranar da Ake Rufe Ƙofar Ruwa

Ka tambaye ni, Malam Haladu, don me mutumin da tsarin zaɓe ke yi wa daɗi zai sa hannu a gyara shi. Gyara zama in ba ka misali, don na lura tun da jam'iyyarku ta ci kujerar nan kunnenka ya ɗan yi nauyi.

Akwai wasu manoman rani da ke ban-ruwa daga magudana ɗaya. Ruwan yakan fito daga madatsa, ya bi ta wata ƙofar ƙarfe, ya fara da gonakin da ke kusa, sannan ya gangara har na can ƙarshe, waɗanda ake ce wa 'yan wutsiya. Kowane ɓangare da ranar ruwansa. Duk shekara sukan zaɓi shugaba, shi ke riƙe mabuɗin ƙofar, shi ke cewa a buɗe ta sosai ko a tsuke. Zaɓen kuwa tun na iyaye ranar Alhamis da hantsi ake yin sa, a gindin wani mangwaro kusa da ƙofar, kowa ya ɗaga hannu. Wani mai gonar albasa a bakin ƙofa shi ke lashewa shekara da shekaru, kuma Allah ya sani bai taɓa sayen hannun kowa ba. 'Yan wutsiya ne dai ba sa zuwa. Mutanensa su ce, "Ƙyale su, ba su damu ba ne." Shi ma ya yarda, don magana mai daɗi ba ta wuyar haɗiya.

Wata shekara abin ya tsaya masa a rai. Da safiyar zaɓe ya hau kekensa ya gangara wutsiya da nufin ya yi musu faɗa. Sai ya tarar da su gaba ɗaya cikin caɓi har gwiwa, kowa da fartanya, suna bin ɗan ruwan da ya iso musu suna karkata shi kunya-kunya. Ya san Alhamis ranar zaɓe ce, ya kuma san ita ce ranar ruwan 'yan wutsiya, amma bai taɓa haɗa biyun a ransa ba. Ya tsaya kan wani dattijo mai tumatir ya ce, "Baba, ba za ku zo zaɓe ba?" Dattijon bai ko ɗago ba ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bar ruwan nan na tafi ɗaga hannu, hannun zan ci da rani?" Ya ƙara da cewa ko da ya je, wa ya isa ya ɗaga hannu a gaban mai mabuɗi ya nuna wani yake so?

Kunya ta rufe mai albasa. Ya koma gindin mangwaro ya ce yau babu zaɓe. Daga yanzu ranar zaɓe za a rufe ƙofar ruwa ga kowa da kowa, ranar da aka rasa kuma a rama ta washegari. Za a taru a tsakiyar magudana don kada tafiya ta fi wa wasu nisa. Ɗaga hannu ma an daina: kowane ɗan takara da tulunsa a bayan zana, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon dabino, sannan a juye a ƙirga a gaban jama'a. Mutanensa suka yi masa ca, har ƙanensa ya ce da hannunsa yake wasa wuƙar da za a yanka shi. Ba su kuwa yi ƙarya ba, don da aka zo aka yi zaɓen ya faɗi, wani ɗan wutsiya ya ci. Kada ka ɗauka bai ji zafi ba, ranar ko tuwo bai iya ci ba. Amma da kansa ya zaro mabuɗin daga aljihu ya miƙa. Ni kam ban san jarumtar da ta fi wannan ba.

Ana nan, wata damina ambaliya ta ɓalle madatsar. Da aka zo gyara sai aka ga ya fi sauƙi a jawo ruwan ta ɗaya ɓangaren, ƙofa ta koma can. Wutsiya ta zama kai, gonar mai albasa ta zama ta ƙarshe. A ranin farko ya ɗanɗana abin da bai taɓa sani ba, ganyen albasarsa ya fara ƙonewa daga baki. Da zaɓe ya matso, wasu samarin sabon bakin ƙofa suka ce a bar ruwa a buɗe ranar, tunda ita ce ranar ruwan sabuwar wutsiya, mai albasa da mutanensa su ma su ji yadda ake ji. Dattijon nan mai tumatir ya dogara sanda ya miƙe ya ce, "Ƙofar da ya rufe dominmu, ba za a buɗe ta a kansa ba ina raye." Aka rufe ƙofa. Mai albasa ya jingine fartanya hankali kwance, ya shiga bayan zana ya jefa ƙwallonsa tare da maƙwabtansa, suka kawo shugaban da ya saki ruwa har ƙarshen magudana. Albasarsa ta tsira a shekarar.

To, Malam Haladu, yau kuna bakin ƙofa, ban kuwa ga wanda ya ba ku tabbacin ba za ta koma wani wajen ba. Hausawa dai sun ce alheri gadon barci ne.