Karkarwar Takobi

"Takobin nan yana karkarwa kuma," in ji oga. "Goge."

Aikina ke nan a kamfanin wasan kwamfuta. Yayana yakan sa rigar ɗaukar motsi ya yi faɗan, ni kuma in tsabtace motsin kafin in ɗora wa jarumin wasan. Na canja kyamara, na canja wayoyin na'ura, karkarwar sai ƙaruwa take.

Yau na bar ta yadda take. A allo, babban yatsan jarumin yana murzawa shi kaɗai. Haka ciwon da ya tafi da Baba ya fara.

Na waiwaya. Yaya na bakin ƙofa, hannun damansa cikin aljihu.

"Auta," ya ce a hankali, "goge kawai. Kar Mama ta ji."