Ledar Jinin da Aka Ƙara wa Auta

Layi ɗaya ya sake fitowa. Nas ta ɗaga ɗan farin abin gwajin ta nuna wa Direba, ta ce ba maleriya ba ce. Shi kuwa ga 'yarsa Auta nan kwance tana kakkarwa har ƙarfen gado na amsawa, leɓe ya bushe, jaririn da ta haifa ko nono ta kasa ba shi.

"To in ba ita ba ce, mece ce?" in ji shi. Nas ta kawar da kai.

Direba mutum ne da ba ya iya zama da tambaya a ciki, sai ya samo wanda zai ɗora wa. Bai ko sha wahalar nema ba, don ga mijin Auta can a rakuɓe jikin bango, wani tela mai sanyin jiki wanda tun ranar ɗaurin aure bai kwanta masa a rai ba. Tun da aka dawo da ita asibiti, yaron nan bai yarda sun haɗa ido ba.

Ranar haihuwar, Direba yana can wata uwa duniya da tirela, ƙasa ta uku daga gida. A waya aka gaya masa ta zubar da jini, an ƙara mata leda guda, an sallame ta lafiya. Ya yi hamdala ya ci gaba da tuƙi. Sai yanzu abin ya dawo masa. Jinin Auta irin mai wuyar samu ne, a wurinsa ta gada. To a ina Tela ya samo shi da sauri haka?

Ai ya san inda ake samu. Kullum ya zo asibitin nan yana ganinsu a bakin ƙofa, zauna-gari-banza masu jajayen idanu, suna jiran wanda ya matsu su sayar masa da jininsu. Haushinsu yake ji har wuya, shi da bai taɓa karɓar ko ruwan sha a kan nasa jinin ba.

Ya ja Tela zuwa baranda. "Kai, dube ni nan. Jinin wa ka sa aka ɗura wa 'yata?"

"Wallahi Baba, daga ma'ajiyar asibiti aka ɗauko. Sa'a aka yi akwai guda ɗaya."

"Sa'a? Da ni kake zancen?"

Tela ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa. Direba ya ɗauki wannan a matsayin amsa laifi. Ya rantse masa cewa in wani abu ya sami Auta, ko jaririn ba zai ƙara gani ba, in kuma ta tashi, gidan ubanta za ta wuce.

Da hantsi Likita ta aiko a kira su. Mace ce mai magana a taƙaice, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ta sa an duba jinin Auta da madubin ɗakin gwaji, an ga ƙwayoyin maleriya fal, har an fara yi mata allura, sauran kuma sai addu'a.

"Maleriya? Sau nawa aka ce mana babu?" in ji Direba.

Likita ta ce ɗan abin gwajin nan ba ƙwayar yake gani ba, wata alama yake nema da ƙwayar ke saki a jini. Akwai kuma wani dangin ƙwayar da halittarsa ta sauya, ba ya fitar da alamar sam. "Kamar mota ce mara lamba, Baba. Mai gadi lamba yake karantawa, sai ta wuce shi."

Ta ƙara da cewa ba su saba ganin irin wannan a yankin ba, daga nesa ake kwaso ta. Auta kuwa tun da ta yi ciki ba ta leƙa ko bayan gari ba, kuma a gidan sauro take kwana. Saboda haka zarginsu ya koma kan ledar jinin. Wanda ya bayar, da irin wannan gwajin aka tantance shi, ya wuce sumul. Mutum na iya yawo da ita garau, ko ciwon kai ba ya yi.

Direba ya hasala. Ashe dai hasashensa bai faɗi ƙasa ba! Ya watsa wa Tela harara, ya buga tebur.

"A ba ni sunansa. Ɗan iskan da ya zuba wa 'yata ciwo, yau sai na ga idonsa."

"Ba ma faɗin suna," in ji Likita. "Kuma ba saye aka yi ba, surukinka gaskiya ya gaya maka. Wani bawan Allah ne da ke zuwa ya bayar kyauta in ya samu sarari. Yanzu aka turo mini lambar wayarsa, zan kira shi ya zo ya karɓi magani. Ku ɗan ba ni wuri."

Tela ya fita sum-sum. Direba kuwa ya kai bakin ƙofa ya toge, ya riƙe marfin bai rufe ba. Ko suna bai samu ba, zai ji murya, kuma shi ba ya manta murya. Ya kasa kunne yana jin Likita tana danna lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Sai wayar da ke aljihun rigarsa ta fara ƙara.