Sitabilaizar Malam Datti

Tun ranar da Datti ya sayar da tumatirin rani ya dawo daga Kano da sitabilaiza, akwatin daidaita ƙarfin wutar lantarki, ɗaure a bayan babur, Bunkure ba ta sake hutawa ba. Mutumin da ko batirin tocila a juye yake sawa ya wayi gari shi ne malamin lantarki na unguwa.

Saboda firjin matarsa Mairama ya sayo ta. Da firjin nan take yin ƙanƙara da zoɓo tana sayar wa masu aiki a gonakin bakin kanal ɗin ban-ruwa, ba ta da wata sana'a sai ita. Ga azumi ya ƙarato, ga wutar garin ba ta san tsaka-tsaki ba. Ko ta zo kamar aci-balbal, ko ta zo ta gasa rediyon mutane.

"Duk haukan wuta, wannan akwatin ne zai shanye shi," in ji Datti a majalisa, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Ya kafa wa sitabilaizar katako a bango, ya sa tela ya ɗinka mata riga da ragowar shadda. Ledar kamfani ma bai yarda an ɓare ba. Duk sanda ƙwan lantarki ya ƙara haske, sai ya katse hira ya faɗa ɗaki ya turo ƙofa. Mairama takan gode wa Allah da ya ba ta miji mai kula.

Ana gobe azumi, bayan la'asar, wuta ta zo da ƙarfinta. Ƙwayayen lantarki suka farfashe, fankar masallaci ta yi hayaƙi. Datti ya ruga ɗaki kamar kullum. Can firji ya yi wata ƙara, ƙauri ya cika gidan.

Mairama ta zauna a tsakar gida kusa da bokitin zoɓon da ta jiƙa, ko kuka ta kasa.

Aka ɗauko Musbahu mai gyara daga Kura. Ya duba firji, ya ce sai dai a riƙa ajiye kwanuka a ciki. Ya juya sitabilaiza, ya shinshina, ya gwada ta.

"Malam Datti, wannan ai lafiyarta ƙalau. Kamar wutar ba ta taɓa ta ba."

Datti ya dubi maƙwabtan da suka taru, ya gyara zaman hula.

"To wa zai bari ta taɓa abu mai tsada haka? Ai da na ga wuta ta haukace, sai in zare sitabilaizar in ajiye gefe, in jona firjin a bango kada ƙanƙarar Mairama ta narke."