Tsingaron Inna

Ranar da mahara suka ƙone ƙauyenmu a gefen Ƙarfi, dawakansu sun tattake tukwanen da Innata ta gina kaf. Yayana kuwa, a kan randar da ta sha fashe mata a wuta kafin ta yi kyau suka sare shi.

Da la'asar na tarar da ita tana daka tsingaron randar a turmi, duk jini. Na riƙe taɓaryar ina ihu, "Inna, kin haukace ne?"

Ta fizge, ta sharara mini mari. "Ɗebo ruwa! Yumɓun da ba tsingaro ba ya jure wuta."

Sabuwar randar tana ɗakina har yau. Ruwanta akwai sanyi, amma ban taɓa sha ban ji ƙaurin ranar ba.